Tawadar da Ke Kama Hasken Rana

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya ajiye rana a nisan da ba ta ƙone mu ba, bai kuma nisanta ta har sanyi ya daskarar da mu ba, ya sanya haskenta ya zama abincin tsiro, tsiro kuma ya zama abincin dabba da ɗan Adam. 

Bayan haka, mu mazauna bakin Kwara, daga Yelwa zuwa Wara, daga Shanga zuwa tungayen da ke gaɓar tafkin Kainji, muna cikin waɗanda suka fi cancantar yin tafakkuri a kan alaƙar rana da ruwa da wutar lantarki, domin a ƙofar gidanmu aka ƙulla ta. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya koma da baya tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsohuwar Busa da gungaye masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Injina takwas aka girka, masu ƙarfin megawat 760. Amma wanda ya bi silsilar sababi har tushenta zai tarar rana ce ke juya su. Ita ke ɗaga tururi daga teku, iska ta koro girgije ya zubar a duwatsun Gini, ruwan ya yi watanni yana ratsa Mali da Nijar kafin ya iso mana da sanyin hunturu, shi ne baƙin ruwa, mai biyo bayan farin ruwan damina. Duk fitilar da wutar Kainji ta kunna a Kaduna ko Ikko, hasken rana ne da ya sha doguwar tafiya.

Tare da haka, tungaye da yawa a gaɓar tafkin ba su ga turken lantarki ba har yau. Masunci na duba tarunsa da tocila, matarsa na juya banda a hasken wutar itace, yaro na kai waya wurin mai caji da janareta. Shi ya sa farantin sola ya zama abin da ido ya saba gani a saman shaguna da masallatai da tankunan burtsatse. Ni'ima ce babba, ba mu raina ta ba. Sai dai farantin nan a cikin wuta aka haife shi. Farin dutse ake haɗawa da gawayi a tanderu mai zafin da ya kusa digiri 2000, a tace silikon ɗin da ya fito, a sake narkar da shi a digiri 1414, a jawo shi sannu a hankali ya zama dunƙule guda, a yayyanka shi siriri, a rufe da gilashi. Masu bincike uku a Bell Labs ta Amurka suka fito da na farko mai amfani a 1954, yana mayar da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka masa zuwa lantarki. Na kasuwa a yau ya haura kashi 20. Yana da ƙarko, amma yana da nauyi, yana fashewa, kuma masana'antarsa sai ƙasar da ta tara dukiya.

Akwai wata hanya dabam, ita ce maƙasudin wannan rubutu: a samo sinadaran da ke kama haske, a narkar da su su zama tawada, a shimfiɗa tawadar a kan leda, a bar ta ta bushe. Ba tanderu, ba narkakken dutse, zafin da ake buƙata da wuya ya wuce digiri 150. Sinadaran kuwa daga dangin kabon suke, ƙwayar da Allah ya gina jikin kowane mai rai a kanta, tun daga gansakuka har giwan ruwa. Narkarwa da tacewa da busarwa tsofaffin ƙofofi ne a ilimin haɗa sinadarai, har Abubakar ar-Razi, likitan Rayyu da Bagadaza da ya rasu wajen shekara ta 925, ya bayyana su dalla-dalla a rubuce-rubucensa. Abin da yake sabo shi ne a ce busasshiyar tawada ta ba da wuta.

Da farko hankali yakan ƙi karɓar wannan, domin kowa ya san roba ba ta ɗaukar lantarki, shi ya sa ake naɗe waya da ita don kada ta ja mutum. Sai a 1977 Hideki Shirakawa na Japan, da Alan MacDiarmid da Alan Heeger, suna aiki tare a Jami'ar Pensilbaniya, suka turara wata irin roba da tururin aidin, ƙarfinta na ɗaukar lantarki ya ninka sau miliyoyi, aka kuma ba su lambar Nobel a kan haka a 2000. Bayanin abin shi ne, ƙwayoyin kabon suna riƙe juna ne da ɗauri su yi doguwar sarƙa. Idan ɗaurin ya zo bi da bi, guda ɗaya sannan biyu, ɗaya sannan biyu, har ƙarshen sarƙar, sai wasu elektron, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da motsinsu shi ne lantarki, su ƙi zama wuri guda, su bazu a tsawonta. Waɗannan sakakkun elektron su ne ke haɗiye wani sashe na haske su bar wani, abin da suka bari shi ne launin da ido ke gani. Wannan ne sirrin jan lalle a tafin amarya, da shuɗin baba a marina, da jan zoɓo, da koren ganyen shinkafa a fadamun Shanga. Subhanallahi, tsari guda ne, amma an fitar da ado daga cikinsa, an fitar da abinci, yanzu kuma ga lantarki. Tun daga 2010 ma masana a Jami'ar Fulorida suka soma gina irin waɗannan sinadarai a kan wani ɗan'uwan shuni na jini, wanda ƙwayoyinsu iri ɗaya ne, jerinsu ne kawai ya bambanta.

To, amma kama haske dabam, fitar da wuta dabam. Idan haske ya faɗa kan irin wannan sinadari, yakan tunkuɗa elektron guda ya tashi daga mazauninsa ya bar gurbi. A cikin silikon, elektron na tashi sai ya kama gabansa. A sinadaran kabon kuwa, shi da gurbinsa suna nan ɗaure da juna, tare suke tafiya, kuma tafiyar ba ta wuce nanomita 10 zuwa 20 kafin ya koma inda ya fito, ƙarfin ya salwanta ya zama ɗumi. Nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, ma'aunin da ido bai taɓa gani ba, sai dai lissafi ya riske shi. A 1986 Ching Tang, masani a kamfanin Kodak, ya nuna mafita. Ya haɗa sinadarai iri biyu, ɗaya mai saurin sakin elektron, ɗaya mai kwaɗayin karɓarsa, masana na ce musu mai bayarwa da mai karɓa. A kan iyakar da suka haɗu ne ɗaurin ke tsinkewa, elektron ya tsallaka wajen mai karɓa, gurbi ya tsaya wajen mai bayarwa, kowane ya nufi wayarsa. Tang bai yi da tawada ba, turara sinadaran ya yi a cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa, hawa ɗaya bisa ɗaya, ya samu kusan kashi 1 cikin 100. Dalilin ƙarancin a fili yake: don a kama haske sosai sai kaurin ya kai wajen nanomita 100, alhali duk abin da ya yi nisa da iyaka da fiye da nanomita 20 asara ne.

Tawada ce ta warware wannan ƙulli. A 1992 Serdar Sariciftci, Baturke da ke aiki tare da Heeger a Santa Barbara, ya nuna cewa wata ƙwallon kabon mai ƙwayoyi 60, wadda aka gano a 1985, tana fizge elektron da saurin da ya wuce misali. Sai dai ƙwallon ba ta narkewa sosai. A 1995 Jan Hummelen da Fred Wudl suka maƙala mata ɗan wutsiya ta yadda za ta narke, ita ce ake kira PCBM. A shekarar nan dai, ƙungiyar Heeger a Amurka da ta Richard Friend a Kambirij ta Ingila, kowace a nata ɓangare, suka zuba mai bayarwa da mai karɓa a kwalba guda, suka shafa cakuɗar hawa ɗaya tak.

Mai son ya fahimci abin da ake nema a cikin cakuɗar nan, ya dubi gaɓar tafkinmu lokacin da ruwa ya cika. Inda gaɓa ta miƙe sambal, kaɗan ne daga ƙasa ke taɓa ruwa. Inda kuwa ruwa ya kutsa cikin fadama ya yi rassa, ƙasa ita ma ta miƙa harsuna cikinsa, duk inda mutum ya tsaya taku kaɗan ne tsakaninsa da bakin ruwa. Haka ake so mai bayarwa da mai karɓa su sarƙe, ta yadda duk inda haske ya faɗa iyaka na kusa. Amma da sharaɗi mai nauyi: kowane reshen ruwa ya kasance yana sadarwa da babban kogi, kowane harshen ƙasa yana haɗe da tudu. Kududdufin da ya yanke, kwale-kwale ba ya fita daga cikinsa, gungun da ruwa ya kewaye, mai tafiya a ƙasa ba ya barinsa. Elektron ɗin da ya faɗa irin wannan wuri zai yi ta kewayawa har ya gamu da wani gurbi ya faɗa, wahala ta tashi a banza. Idan cakuɗar ta yi laushi ƙwarai, iyaka ta yi yawa amma babu hanyar fita. Idan ta rabu manya-manya, ga hanya amma iyaka ta yi nisa. Abin nema yana tsakanin biyun, a wani mizani mai ƙunci ƙwarai.

A nan ne ya kamata mai hankali ya dakata. Wa zai tsara rassan nan, masu faɗin nanomita 20, a kan leda mai tsawon mita ɗari? Babu yatsa, babu allura, babu injin da zai jera su ɗaya bayan ɗaya. Iyakar abin da ɗan Adam ke yi shi ne ya zaɓi ruwan narkarwa, ya auna, ya shafa, ya daidaita zafi da iska. Sauran aikin yana faruwa ne a cikin 'yan sakannin da tawadar ke bushewa. Tawadar nan kusan dukkanta ruwan narkarwa ne, sinadaran ba su fi kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Yayin da ruwan ke tashi, ƙwayoyin da a da suke yawo a sake sai su matsu, su soma gogar juna, kowace ta nemi jinsinta. Dogayen sarƙoƙi su kwanta bisa juna su jeru, masu karɓa su taru a tsakaninsu, rabuwa ta fara. Da ɗigon ƙarshe ya tashi sai motsi ya tsaya cak, duk surar da aka tarar a lokacin ita ce za ta zauna. In bushewar ta yi gaggawa, an daskarar da su ba su jeru ba. In ta yi jinkiri fiye da kima, rabuwar ta wuce gona da iri. Masanin da ke tsaye a kan teburin bai halicci wannan ɗabi'a ba, bai koya wa ƙwaya ta gane 'yar'uwarta ba. Ya tarar da ita ne a ajiye, tun ranar da aka ajiye ta, abin da ya rage masa shi ne ya karanta ta da ladabi, ya shirya mata sababi, ya jira.

Tarihin fannin ya tabbatar da haka ta hanyar da ke sa mutum tawali'u. A 2001, a birnin Linz na ƙasar Ostiriya, Sean Shaheen da abokan aikinsa ba su canza mai bayarwa ba, ba su canza mai karɓa ba, ruwan narkarwa kaɗai suka sauya, daga toluwin zuwa kulorobenzin, amfanin ya tashi daga kashi 0.9 zuwa 2.5. Da aka duba da na'ura sai aka ga na farkon yana barin masu karɓa su dunƙule manya, na biyun yana barin su ƙanana. A 2005 ƙungiyar Yang Yang a Los Anjalas ta ɗauki cakuɗar PCBM da wata sarƙa mai bayarwa da ake kira P3HT, ta shafa, ta rufe ta a ɗan faranti tun tana da danshi don ta bushe a hankali, ta samu kashi 4.4. Wanda ya tsaya a kan farantin yana iya ganin abin da idonsa: tawadar tana jiƙe ruwan goro ce, tana bushewa sai launin ya juye daga gefe zuwa tsakiya ya koma shunayya mai duhu, alamar sarƙoƙin sun kwanta sun jeru. Wasu kuma suka gano cewa gasa busasshen hawan a kan faranti mai zafin digiri 150 na 'yan mintoci yana ba ƙwayoyin damar gyara zama. A 2007, a Santa Barbara, aka ɗiga wa tawada wani ruwa na biyu ɗan kaɗan, mai jinkirin tashi, wanda ke riƙe mai karɓa a narke har sarƙoƙi su gama jeruwa, amfanin ya tashi daga kashi 2.8 zuwa 5.5. Ruwan da ya yi wannan aiki duka ba ya zama a cikin farantin. Yana tsara abin ne ya tafi.

Akwai wata hikima makamanciyar wannan a jikin sarƙoƙin kansu. Sarƙa tsirara ba ta narkewa a komai, gari ne kawai mai taurin kai. Sai an dasa mata 'yan rassa a gefe, kamar na P3HT mai ƙwayar kabon shida a kowane reshe, sannan ruwan narkarwa ya sami inda zai kama. Rassan nan ba sa kama haske, ba sa ɗaukar lantarki, in sun yi tsawo ma hana sarƙoƙin kusantar juna suke yi. Amma in babu su babu tawada, in babu tawada babu wannan fanni gaba ɗaya.

Hanyoyin shimfiɗa tawadar suna da yawa, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Wadda ɗakunan bincike suka fi sabawa da ita ita ce ta juyi. Ana ɗora ɗan gilashi mai faɗin santimita biyu a kan faifai, iska ta zuƙe shi ya manne, a ɗiga masa tawada, faifan ya wulwula sau 1000 zuwa 3000 a minti, tawadar ta bazu ta yi siriri ta bushe kafin minti ya cika. Tana ba da hawa mai santsi, kuma kusan duk manyan alƙaluman da ake shelantawa da ita aka same su. Sai dai fiye da kashi 90 na tawadar fantsama yake yi a bangon kwano, kuma ba wanda zai iya wulwula leda mai tsawon fili. Hanya ce ta neman sani, in aka kai ta masana'anta ta zama almubazzaranci. Wadda ta fi ta kusa da amfani ita ce ta wuƙa: a zuba tawada a gaban wani miƙaƙƙen ƙarfe da aka ɗaga sama da leda da gwargwadon kaurin takarda ko biyu, a ja shi, ya bar jiƙaƙƙen hawa a bayansa, faranti mai ɗumi na busar da shi daga ƙasa.

Wadda masana'antu suka fi dogara da ita kuwa ita ce ta tsaga. Famfo ne ke turo tawada ta cikin wani kan ƙarfe mai siririyar tsaga, leda na wucewa a ƙarƙashinsa daga wani naɗi zuwa wani, ta ratsa akwatin iska mai ɗumi, ta fito a bushe a sake naɗe ta. Falalarta ita ce ana sanin kaurin hawan tun kafin a fara, daga yawan abin da famfo ke turowa da saurin ledar da faɗinta, kuma ɗigo kaɗan ne ke salwanta. Layi-layi take shimfiɗawa, domin kowane layi bai cika ba da bolt ɗaya ba, sai an haɗa su a jere ƙarfin ya taru. Ana kuma yin feshi, ana yin ɗigo da na'ura irin firintar ofis, ana buga wayoyin azurfa ta raga, yadda masu buga rubutu a riguna ke yi. Kuma tawadar kama haske ba ita kaɗai ba ce a kan ledar. Hawa huɗu ne ko biyar: na ƙasa mai ɗaukar lantarki wanda haske ke ratsawa, da wanda ke barin elektron kaɗai ya wuce, da mai kama hasken a tsakiya, da wanda ke barin gurbi kaɗai, sannan azurfa. Kowane ana shafa shi jiƙe a kan busasshen da ya gabace shi, don haka dole ruwan na sama ya zama wanda ba ya narkar da na ƙasa. Ƙin jinin da ke tsakanin ruwa da mai, wanda kowace mai girki ta sani, shi ake amfani da shi: hawa ɗaya a narke cikin ruwa ko barasar masana'anta, mai bi masa a narke cikin dangin mai. Lissafi ya nuna giram ɗaya na sinadarin tsakiya zai ishi kusan murabba'in mita 8, kuma murabba'in mita na gamammiyar ledar bai kai kilo ɗaya ba, alhali na gilashi ya haura kilo 10.

Frederik Krebs da ƙungiyarsa a Riso ta ƙasar Denmak na cikin waɗanda suka fi ɗaukar wannan hanya da gaske. Sun buga leda daga naɗi zuwa naɗi, suka haɗa ta da ɗan batir da ƙwan fitila, a shimfiɗa ta da rana, da dare a naɗe ta a ɓalla maɓalli ta tsaya ta haska, suka kai ta ƙauyukan Zambiya a 2009 don su ga yadda za ta yi a hannun jama'a. A 2015 aka kafa irin waɗannan faranta masu launin shuɗi a ginin zaman lafiya da tsaro na Tarayyar Afirka a Adis Ababa, an jera su da surar taswirar nahiyar. A wancan lokaci amfanin kaɗan ne, har kamfanin Konarka na Amurka, wanda ya zuba dukiya mai yawa a harkar, ya durƙushe a 2012, mutane da dama suka ɗauka fannin ya mutu. Sai sababbin masu karɓa suka fito daga Sin, waɗanda su ma suke kama haske da kansu: ITIC daga ƙungiyar Xiaowei Zhan a Jami'ar Peking a 2015, sannan Y6 daga ƙungiyar Yingping Zou a Changsha a 2019, wanda ya ba da kashi 15.7. A yau a ɗakin bincike an taɓa kashi 20.

Gaskiya amana ce, don haka wajibi ne mu faɗi abin da ya rage. Kashi 20 ɗin nan a kan ɗan gilashi ne da bai kai murabba'in santimita ɗaya ba. Babbar ledar da ake sayarwa tana ƙasa da haka sosai. Sannan sakakkun elektron ɗin da suka ba sinadarin falalarsa su ne kuma rauninsa, domin iskar da muke shaƙa da danshi da zafin haske suna kai musu farmaki, launi ya koɗe, wuta ta ragu. Zafi kuma yana sake motsa ƙwayoyin da aka daskarar, rassan da suka tsaru su ci gaba da rabuwa sannu a hankali. Dole a liƙe ledar tsakanin wasu ledoji masu hana iska shiga, su kuwa suna da tsada. Farantin silikon ana ba shi lamunin shekara 25, ledar ba ta kai nan ba tukuna. Akwai kuma haƙƙin ma'aikaci. Tun da kusan duk tawadar tashi take yi ta shiga iska, ruwan narkarwa irin kuloroform da kulorobenzin, masu cutar da hanta, ba abin da za a yarda a yi ta tururinsu a kan bayin Allah ba ne, balle a bar su su gangara ruwan da muke sha muke kamun kifi. Abin farin ciki, a 2023 ƙungiyar Derya Baran a Jami'ar Sarki Abdullahi da ke Suwal, kusa da Jidda, ta nuna ana iya haɗa tawada mai kyau da man itacen turare da man ɓawon lemo da danginsu. Ashe maganin yana rataye a bishiya tun da daɗewa.

Me wannan ke nufi gare mu a ƙasar Yawuri? Wanda ke da kuɗin farantin silikon a yau, don gidansa ko injin ban-ruwan albasarsa, ya saya, kada ya jira, shi ne ya fi ƙarko kuma ya fi araha a kan kowane wat. Amma akwai wuraren da gilashi ba ya shiga. Basarken da ke kwana a kan ruwa yana bin kifi daga tunga zuwa tunga, rumfar kwale-kwalensa ba ta ɗaukar kilo ashirin na abin da ke fashewa, amma za ta ɗauki ledar da ake naɗewa a sa a jaka, ta cika masa tocila da waya. Haka bukkar zana, haka makiyayi mai ƙaura. Ledar nan kuma ba ta cika raguwa da zafin rana ba yadda silikon ke yi, tana kuma aiki a haske mai rauni, kamar na ranar da hazo ya rufe sama.

Abin da ya fi damun mu shi ne kada mu sake zama 'yan kallo, a ƙera a wani wuri a kawo mana. Masana'antar silikon ta fi ƙarfin jami'a, amma wuƙa da faranti mai ɗumi da ma'auni ba su fi ƙarfinta ba. Ɗalibai a jami'o'in Nijeriya sun daɗe suna haɗa wani ɗan'uwan wannan faranti, irin wanda Michael Grätzel da Brian O'Regan suka bayyana a 1991, suna jiƙa shi da ruwan zoɓo ko lalle. Wutar da yake bayarwa kaɗan ce, galibi ba ta kai kashi 1 ba, amma hannun da ya ja sandar gilashi ya shimfiɗa farin ƙullun da ake haɗa farantin da shi tsakanin salatif biyu ya riga ya koyi shafin wuƙa. Muna da cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tun 1982, muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, da ta tarayya a Birnin Kebbi. Sanin abin da al'umma ba ta wadatuwa da barinsa farilla ce ta kifaya, in wasu sun ɗauka an sauke wa saura.

Muna kuma da abin da ɗakunan bincike na Turai ke kashe kuɗi su kwaikwaya a cikin akwati. Tambayar da ta fi tsaya wa wannan fanni a wuya ita ce ta ƙarko, gaɓar Kainji kuwa ta tara duk abokan gabar ledar a wuri guda: zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu mai kankare fuska, danshin tafki da ke neman kowace kafa a bakin liƙi, da ruwan Agusta. Ya kamata a kafa rumfar gwaji a Yelwa ko Wara, a shimfiɗa ledoji daga masana'antu dabam-dabam kusa da farantin silikon, wasu a tudu, wasu a kan jiragen masunta da yardarsu, ɗalibai su riƙa auna wutar kowace mako-mako, su rubuta ranar da launi ya fara koɗewa da gefen da ruwa ya fara shiga, har shekara biyu ko uku. A kuma tanadi tun farko inda za a mayar da waɗanda suka mutu, a cire azurfarsu, don kada su ƙare a cikin tafki tare da ledojin da suka riga suka dame mu.